Ƙafar Sagir, Lambar Haruna

Ku da kuke tare ni a bakin filin firamare kuna cewa, "Baba Koci, a koya mana aikin nan," ku matso ku ji. Na lura da ku sarai. Kowannenku ya sayi usur ya rataya a wuya, ya sayi hular rana, ya ɗora hoto a waya ya rubuta koci a ƙasan sunansa. A ganinku aikin ke nan: ka hura usur, yara su ruga, ka duba agogo ka girgiza kai. To ni Tanimu, haifaffen Tudun Wada, na tsufa a kan horar da 'yan gudu a wata kwaleji a nan Zariya, kuma hura usur shi ne mafi ƙanƙantar abin da na yi. Sunan kwalejin ba zai ƙare ku da komai ba, makarantu sun yi yawa a garin nan. Abin da nake so ku ji shi ne labarin ƙafar wani yaro, Sagir, wanda ya bar ni ya koma wata makaranta, da abin da tsare ƙafar nan ya ci mana. Amma sai na fara gaya muku yadda mutum ke sanin ƙafa, in ba haka ba za ku ɗauka hauka na yi.

Aikin farko da Baba Saje ya ba ni shi ne zana layi. Tsohon soja ne, shi ke riƙe da 'yan gudun kwalejin lokacin da gwiwata ta gaji da gudu na je wajensa neman koyon horarwa. Ina tsammanin agogo zai miƙo min. Sai ya miƙo min bokitin farar ƙasa, da doguwar igiya, da gwangwanin madara da aka huhhuda gindinsa da ƙusa. Filinmu na ƙasa ne, ruwan sama ɗaya in ya sauka ya wanke layukan tas, gobe a sake sabo. In layina ya karkace ba ya faɗa, ba ya zagi. Tasowa yake daga inuwar dalbejiya, ya sa takalminsa ya bi ya shafe layin tun daga farko, ya koma ya zauna ya ci gaba da cin goronsa. Damina guda na yi a kan wannan, hannuwana duk suka tsattsage saboda farar ƙasa.

Daga layi ya mayar da ni tausa. In an tashi daga atisaye sai a shimfiɗa tabarmi, yara su kwanta rub da ciki, ni kuma in bi su ɗaya bayan ɗaya da gwangwanin man kaɗanya, shi yana tsaye a kaina. Ranar farko na tambayi wani ko akwai inda ke masa ciwo. Baba Saje ya buge min hannu.

"Wa ya ce ka tambaye shi? Ɗan gudu a kan ciwo maƙaryaci ne, Tanimu. Mai shi zai ɓoye don kada a cire shi, marar shi zai ƙirƙiro don ya huta. Babban yatsanka za ka tambaya."

Na yi ta murzar ƙafafun mutane har yatsana ya fara ji. Nama mai lafiya in ka danna yana ba ka hanya. Wanda ya gaji yana da tauri ko'ina. Wanda ke shirin tsinkewa kuwa wuri ɗaya yake ƙullewa, kuma in ka taɓa wurin, ko yaro ya cije baki, yatsun ƙafarsa sai sun motsa. Sai da Baba Saje ya gamsu da wannan sannan ya cire usur daga wuyansa ya ba ni, kuma a ranar ma cewa ya yi kada in cika hura shi, ciwon kai yake sa masa.

Kayan aikinmu ba abin nunawa ba ne. Sandar gudun miƙa-sanda, wato gudun da mutum huɗu ke yi kowa ya miƙa wa na gabansa, da bututun ruwa na yanka ta, na goge bakin a kan dutse. Takalma masu ƙusa ba su kai yawan yaran ba, karɓa-karɓa ake yi, wanda ya gama ya cire da ɗuminsa ya ba wani. In sun ɓalle akwai wani mai gyara a Gyallesu, ya ɗinke su har ya gaji, wata rana ya ce min, "Koci, wannan yanzu zare ne da ɗan takalmi a jiki." Ƙanƙara kuwa wajen wata mai zoɓo nake sayowa a Hanwa, in an yi sa'a akwai wuta. Da waɗannan muka fitar da yaran da suka hana manyan makarantu sakat.

Ranar da na fara ganin Sagir gasar sassa ake yi a cikin kwaleji. Ya shiga mita ɗari da silifas a hannu, ƙafa ba takalmi, ya bar kowa a baya yana waige yana dariya. Na bi shi har aji. Ya ce shi ba matsala, amma sai an tambayi Malam. Mahaifinsa ke nan, Malam Abdu, mai ba da karatun littattafai a zaurensa a nan Tudun Wada. A sana'ar nan rabin aikinku da iyaye ne, ku riƙe wannan. Na je bayan la'asar, na cire takalmi, na zauna a ƙasa na jira har ya sallami ɗalibansa.

"Malam Tanimu, guje-gujen nan me yake haifarwa?"

"Allah gafarta Malam, lafiyar jiki. Kuma in yaro ya yi fice akan ɗauke shi aiki."

"Da gajeren wando?"

"Da dogo zai yi."

"Salla fa?"

"In lokaci ya yi ni nake fara ajiye usur."

Ya ce ya amince, amma in Sagir ya faɗi jarrabawa ko sau ɗaya, magana ta ƙare.

A tausar farko da na yi wa Sagir na ci karo da abin. A bayan cinyarsa ta dama, can ciki, akwai wani ƙulli kamar ƙwallon dabino. Na danna, yatsun ƙafarsa suka naɗe. Na ce mene ne wannan, ya ce ba komai. Sai da na matsa masa ya ce yana ƙarami babur ya kayar da shi, aka yi masa gashi a gida, ya warke. Bai warke ba, kwanciya ciwon ya yi. Daga ranar na kafa wa ƙafar nan doka. Kafin ya yi gudu mai ƙarfi sai an gasa wurin da tawul da ruwan ɗumi, an murza a hankali, ya yi sassarfa mai tsawo. Ba ya tara gudu mai ƙarfi da yawa a wuni ɗaya. Tsalle kuwa, dogo ne ko na sama, na hana shi sam. Da wannan dokar ya zauna a hannuna ko ɗingishi bai taɓa yi ba, har shi kansa ya fara ganin tsoro ne kawai irin na tsoho.

Shi ne na ƙarshe a 'yan miƙa-sandarmu, mai kai ta gida. Wanda ke miƙa masa shi ne Haruna. Haruna bai kai Sagir gudu ba, amma ban taɓa horar da mai hannu irinsa ba. Ku da kuke ganin miƙa sanda kamar miƙa kofi ne, ku sani mai karɓa ba ya waiwaye. Yana sa alama a ƙasa, da mai zuwa ya taka alamar sai ya tashi da gudu, ya jefa hannu baya, ya yarda cewa sanda za ta same shi. In ya tashi da wuri ya bar ɗan'uwansa, in ya makara su yi karo. Haruna yana iya karanta bayan mutum ya san lokacin da hannu zai fito. Shi ke tattaro yara da asuba, shi ke wanke rigunan wasa in an dawo. Burinsa ɗaya ne, ya ci lamba a babbar gasa, don hukumomin masu kayan sarki sukan zo irin wuraren nan su ɗauki waɗanda suka hau dandamali aiki. Shi ne babba a gidansu, ga ƙanne a bayansa, mahaifinsu ya yi ritaya.

Yanzu bari in taɓo maganar da kuka fi so, ta sauya makaranta. Kuna cewa ɗan wasa ba bawan kowa ba ne, ya je inda ya fi masa. Ni ban musa ba. Na horar da wata yarinya, Rahila, mai gudun dogon zango. A wajena garin kwaki take sha ta fito fili. Wata jami'a ta neme ta, ni da kaina na raka ta tasha. Can ta samu filin roba, da abinci sau uku, da ɗakin kwana, da likita, ta fito da digiri maimakon takardar da mu za mu ba ta. Da na riƙe ta da na cuce ta, wallahi. Amma na ga wani kuma da ya zaga makarantu uku, kowacce ta mayar da shi aji na baya, kowacce ta tatse shi a wasanni, yau yana nan ba takarda ba ƙafa. Abin da masu zuga yara ba sa faɗa shi ne, makarantar da ta ɗauko ka ta kashe maka kuɗi maki take so, kuma da sauri. Ba mugunta ba ce, su ma akwai mai tambayarsu. Takardunka za su bi ka a ambulan, amma abin da tsohon kocinka ya sani game da jikinka yana nan inda ka bar shi, kuma yawanci ba mai zuwa tambaya.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce ta dogon yajin aiki. Aka rufe kwaleji, aka sa wa ƙofar fili kwaɗo, ciyawa ta fito har gwiwa. Ni ma'aikacin kwantiragi ne, albashi ya tsaya cak. Na riƙa tara yaran da ke cikin gari muna gudu a gefen titi bayan asuba, muna kauce wa 'yan acaɓa da ramuka. A wannan tsakanin ne wata jami'a mai zaman kanta, wadda yajin bai shafa ba, ta shigo ta yi ta kwasar yara. Kocinsu, Bulus, tare muka yi gudu muna samari, kuma ya san aikinsa, ba zan rage masa ba. Wata safiya Sagir bai fito ba. Washegari ma haka. A bakin mai shayi na ji cewa ya tafi wajen su Bulus.

Raina ya ɓaci, kuma har gobe ban ga laifina ba. Ba tafiyar ce ta dame ni ba. Yaro yana zaune a gida shekara tana wucewa, wa zai ce kada ya tafi? Rashin sallamar ne. Malam Abdu da kansa ya tako har ƙofar gidana, mutumin da shi ake zuwa wa.

"Malam Tanimu, haƙuri na zo bayarwa. Na ce ya zo ya yi maka sallama, ya ce kunya yake ji."

"Ba komai, Malam. Ya gaya musu maganar cinyarsa?"

"Wace cinya?"

A nan na san bai gaya wa kowa ba, kuma na san dalili: tsoro yake kada su ji su fasa ɗaukarsa. Na roƙi Malam ya isar masa da saƙo, ya gaya wa sabon kocinsa. Amsa ta dawo wai a gaishe ni, ƙafa ta warke.

Da aka janye yajin aiki, daraktan wasanni ya tara mu ya ce kuɗi babu. Wasannin manyan makarantu na ƙasa suna tafe, duk sashen da ya dawo ba lamba za a rufe shi. Ya faɗa yana kallon tebur, don shi ma daga sama aka ba shi. Na duba yarana. A gudun mutum ɗaya ba mu da wanda zai kai ko'ina. Miƙa-sanda ce kaɗai hanyarmu, don ita ba ƙafa kaɗai take so ba, har da hannu. Na mayar da Haruna na ƙarshe, na sa wani a gurbinsa, muka nome ciyawar fili da hannunmu, muka yi ta miƙa sanda safe da yamma har suna iya yi ido a rufe. Haruna yana shekarar fita, in bai ci a wannan karon ba, ba sauran wani. Ya rame, ya daina dariya, ko sunan Sagir ba ya son a ambata.

Akwai wata al'ada a wajen manyan wasanni da ba a rubuta ta ko'ina ba. Kowace makaranta da rumfarta a gefen fili, kuma ranar gasa ba ka taka rumfar wasu. Ba ka ba ɗan wasansu ruwa, ba ka karɓar nasu, balle ka taɓa jikinsa. In ka taɓa shi ya je ya faɗi, cewa za a yi asiri ka shafa masa. Na ga an yi dambe a kan gaisawa da hannu. Musulminmu da Kiristanmu, masu digiri da marasa shi, kowa yana kiyaye wannan. Kocin da aka ɗauke wa yaro kuwa, shi ne na ƙarshen wanda ake son gani kusa da yaron.

Ranar rufe wasanni aka wayi gari da yayyafi, fili ya yi sanyi. Tun kafin ranar na ga yadda suke aiki da Sagir. Ya yi mita ɗari tun daga zagayen farko har na ƙarshe, sun sa shi dogon tsalle, yau kuma yana da ƙarshen mita ɗari biyu da hantsi, sannan miƙa-sanda da yamma. Ina durƙushe a rumfarmu ina shafa wa Haruna mai, na hango shi yana sassarfa. Ya murmure, riga sabuwa, takalmi nasa na kansa, har na ji daɗi a raina. Amma takun dama ya fi na hagu gajarta. Da ya tsaya, ya waiga ya ga kamar ba mai kallonsa, sai ya dunƙule hannu ya murza bayan cinyar.

Mita ɗari biyu da kwana ake fara ta, kuma kwana ita ke cin bayan cinya. Ga sanyi, ga tsallen da ya sha. Ban yi shakka ba, in ya shiga jijiyar za ta tsinke kafin ya miƙe hanya, irin tsinkewar da ba a dawowa daidai. Na kuma san ɗaya gefen maganar. A miƙa-sanda makarantu biyu sun fi ƙarfin kowa, lamba ta ɗaya da ta biyu tasu ce. Ta uku, ta tagulla, tsakaninmu da su Bulus take. In babu Sagir, tamu ce. Abin da ake bukata daga gare ni kawai in ci gaba da shafa mai.

Haruna ma ya gani, don ya san takun Sagir fiye da kowa. Ya ɗago kai ya ce a hankali, "Koci, ba ruwanmu."

Na goge hannuna a tawul na miƙe.

"Koci, shi ya tafi. Ba mu muka kore shi ba."

Na ce ya kwanta ya rufe ƙafafunsa kada su huce.

Tsakanin rumfunan ba nisa, amma kafin in kai duk wanda ke wajen ya daina abin da yake yi. Rigar kwalejinmu ce a jikina. Wani ƙato mai jifan ƙwallon ƙarfe ya tare min hanya. Bulus ya taso.

"Tanimu, lafiya? Ka san ba a haka."

"Na sani. Ka cire Sagir daga mita ɗari biyu."

Ya yi dariya, yaransa suka taya shi. "Sai kuma me? In cire shi daga miƙa-sanda ma, in kawo maka lambar har rumfa?"

"Ina da yaro a mita ɗari biyu? Ba ni da kowa. In ya shiga ƙafar ta tsinke, wa ya ci riba da yamma, ni ko kai? Ka yi tunani, Bulus, ai ba yau ka san ni ba."

Dariyar ta tsaya. Na mayar da hannuwana baya na harɗe su yadda kowa zai gani.

"Ba zan taɓa shi ba. Kai za ka taɓa. Kwantar da shi."

Sagir ya ƙi kallona. Ya ce wa Bulus, "Koci, lafiyata ƙalau. Baƙin ciki ne kawai don na bar su." Bulus ya nuna masa katifa, ya kwanta rub da ciki. Ina tsaye daga gefe ina faɗa: cinyar dama, sauko ƙasa, matsa ciki, ƙara kaɗan, to danna da babban yatsa, kada ka kalli fuskarsa, kalli yatsun ƙafarsa. Bulus ya danna. Ba yatsu kaɗai ba, ƙafar gaba ɗaya ta zabura, yaron ya cusa fuska a katifa.

Bulus ya daɗe a durƙushe. Shi ma da nasa daraktan, kuma lambar mita ɗari biyu kusan a hannunsa take. Ya ce tun yaushe, na ce tun kafin ni. Ya ce in an hutar da shi yanzu, zai iya miƙa-sanda da yamma? A nan ina iya cewa a'a, kuma zai yarda. Na ce zai iya, mai kai sanda gida miƙaƙƙiyar hanya yake bi, ba kwana, in dai an gasa wurin. Na gaya masa komai: ruwan ɗumi, ba mai zafi ba, murza daga ƙasa zuwa sama, sassarfa mai tsawo, a rufe ƙafar har a kira su. Ya ce nasu man na kanti ne, mai zafi. Na ce kada ya sa wannan, ya aika a sayo man kaɗanya a kasuwa, don na san nawa ba za su karɓa ba.

Bulus ya aika a cire sunan yaron daga mita ɗari biyu. Zan juya ke nan Sagir ya ɗago, idanunsa sun yi ja. "Me na yi maka, Koci? Ka hana ni lambata a gaban mutane."

Na ce, "Ka gaida Malam." Na dawo rumfarmu.

Da yamma rana ta fito. Yarana suka yi miƙa mafi tsabta da na taɓa gani, sanda ko girgiza ba ta yi ba. Waɗancan makarantu biyu suka tafi abinsu kamar yadda aka zata. Haruna ya karɓa yana na uku, da tazara mai kyau, don su Bulus sun yi ɗan tuntuɓe a miƙa ta biyu. Sai Sagir ya karɓa. Ni na koya masa yadda ake cin tazara ba tare da an ɗaga kafaɗa ba, kuma haka ya yi, ƙafar dama tana sauka daidai da ta hagu. Haruna ya ba da duk abin da Allah ya ba shi. Dab da layi Sagir ya wuce shi da ƙirji. Muka zo na huɗu.

Muka hau mota muka kamo hanyar Zariya. Mun wuce rabin hanya Haruna ya taso daga baya ya zauna kusa da ni.

"Koci, da ka yi zamanka, da mun ci?"

"Da mun ci."

"Kuma ka san haka lokacin da ka tashi."

"Na sani."

"Shi ya tafi, ni na tsaya. Ni da na tsaya fa?"

Na ce masa lamba da aiki ana sake nemansu, jijiya in ta tsinke ba inda ake sayo wata, kuma da ƙafarsa ce da haka zan yi. Ya ce, "Amma ba ƙafata ba ce." Ya tashi ya koma baya. Ba ni da amsar da ta fi wadda na ba shi, yau ma ba ni da ita.

Kafin ƙarshen zango aka rufe sashenmu, kwantiragina ba a sabunta shi ba. Na kwashe kayana na dawo filin firamaren nan da kuke ganina, na roƙi hedimasta ya bar ni in riƙa zuwa kafin yara su shigo. Sagir ya gama digirinsa, ya daɗe yana yi wa jiha gudu, jijiyar ba ta tsinke ba. Sai da aka ɗauki lokaci kafin ya fara kirana da salla. Tun daga wannan shekarar, duk yaron da zai bar hannuna zuwa wata makaranta, ya yi sallama ko bai yi ba, sai na nemi kocin da zai karɓe shi tun kafin a kai ga ranar gasa. In shiga mota in je, in nuna masa inda zai sa yatsa. Wasu sun karɓe ni da shayi, wasu sun bar ni a tsaye a bakin ofis. Zuwa nake yi. Wanda ke son aikin nan a cikinku ya san da wannan a ciki, ya kuma san wani lokaci wanda zai biya kuɗin gaskiyarka ba kai kaɗai ba ne.

Haruna bai samu aikin kayan sarki ba. Ya gama kwaleji, ya yi ta nema har shekarunsa suka wuce, daga baya ya buɗe shagon sayar da fenti a Kwangila. Yana da mata da 'ya'ya, ƙannensa sun yi karatu da guminsa. Duk Juma'a in na taso daga masallaci nakan hau acaɓa in bi ta wajen, ko da yake ba hanyata ba ce, in tsaya a ƙofar shagon in yi masa sallama. Yana amsawa, don sallama ce. Akwai benci a ƙofar, bai taɓa ce min in zauna ba. Wannan Juma'ar ma zan je.